Girkawan Dauri da Ƙasar Arewa: Lacca a Ɗan Kassari

 

An nemi in yi magana a kan Girkawan dauri, mulkinsu da yaƙinsu da al'adunsu. Da yawa daga cikinku ɗalibai sun haddace sunayen Atina da Isbarta don jarrabawa, kuma bayan jarrabawa sunayen suka bi iska. Dalili shi ne an gabatar muku da su kamar wasu halittu na daban, masu gine-ginen farin dutse, waɗanda ba su haɗa komai da manomin hatsi ba. Ni kuwa ina ganin ɗan Arewa, wanda ya tashi tsakanin Lugu da Bagaji da Matankari, ya fi ɗan babban birni saurin gane Girkawa, don irin zaman da suka yi kakanninsa sun yi makamancinsa.

A lokacin da muke magana a kai, wato daga ƙarni na 8 zuwa na 4 kafin Miladiyya, babu wata ƙasa guda mai suna Girka, babu sarki guda. Garuruwa ne wajen dubu, warwatse cikin duwatsu da tsibirai da gaɓar teku, kowane da ƙauyukansa da dokarsa da mayaƙansa. Atina, wadda ake ƙirgawa cikin manya, duka ƙasarta ba ta wuce murabba'in kilomita 2,500 ba, yawancin sauran kuwa mutum zai ratsa su da ƙafa a wuni guda. Harshe ɗaya suke yi, kowa da karinsa, abubuwan bautarsu iri ɗaya, duk shekara huɗu su haɗu a Olimbiya su yi tsere da kokawa, bikin da suke ƙirga farkonsa daga shekarar 776. In an watse, kowa ya koma ya ci gaba da rigimar iyakar gona da maƙwabcinsa. Mafi yawansu manoma ne, sha'ir da alkama da zaitun da inabi, a ƙasa mai tsandauri wadda ba ta ciyar da kowa, shi ya sa ƙanne da waɗanda aka kayar a rikicin sarauta suke shiga jirgi su je su kafa sabon gari. Marsai ta Faransa haka aka kafa ta wajen shekarar 600, haka kuma Kirene a Libiya.

Dattawan da ke zaune nan sun san wannan labari da wasu sunaye. Ƙasar Arewa ba ta taɓa zama dunƙulalliyar daula irin Kano ko Barno ba. Matankari na da sarautarta, Tibiri na da sarautar Samna, ga Takatsaba, ga Lido, ga Kara-Kara, zane ɗaya a fuska, harshe ɗaya, kaka ɗaya ake kira, amma kowa da tamburansa. Ɗan sarkin da bai samu gado ba yakan ja mutanensa ya bi kwarin dallol ya haƙa rijiya, gari ya tashi. Jirgin ruwa ne kawai babu.

Inda Girkawa suka yi fice shi ne yawan gwaje-gwajen da suka yi a kan tambaya ɗaya: wa ya kamata ya riƙe iko, kuma wa zai taka masa burki? Isbarta ta amsa da sarakuna biyu a lokaci guda, daga gidaje biyu, da majalisar dattawa 28 waɗanda suka haura shekara sittin, da wasu mutum biyar da ake zaɓa duk shekara, masu ikon gurfanar da sarki kansa. Atina ta bi wata hanya. A shekarar 594 talakawanta sun nutse cikin bashi har ana sayar da mutum saboda abin da ake bin sa, sai aka ba wani mai suna Solon wuƙa da nama, ya yafe basussukan, ya haramta a bautar da ɗan gari saboda bashi. A 508 Kilistenis ya zo ya rushe tsarin dangi: ya raba jama'a rukuni goma, kowane rukuni ya haɗa mutanen birni da na gaɓar teku da na karkara, don kada manyan gidaje su riƙa jan danginsu kamar raƙumi da akala. Kowane rukuni ya ba da mutum 50, aka samu majalisa ta mutum 500, kuma ba zaɓe ake yi ba, ƙuri'ar sa'a ake jefawa. Su a ganinsu zaɓe mai kuɗi da mai suna yake fifitawa, ƙuri'ar sa'a kuwa ba ta san ɗan wane ba. Shugabannin yaƙi goma ne suka yarda a zaɓa da hannu, don yaƙi ba a ba wanda bai iya ba. Babban taro kuma na kowane ɗan gari ne: a hau wani tudu, mai shela ya tambaya wa ke son magana, maƙeri ya tashi, manomi ya tashi, a ɗaga hannu a yanke. In suka ga wani ya fara girma fiye da kima, sai su rubuta sunansa a kan katangar fasasshiyar tukunya, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara goma, ba a taɓa dukiyarsa ba.

Ina sha'awar wannan tsari, kuma ba na ɓoyewa. Amma wanda ya yaba shi bai faɗi sauran ba ya zalunci ɗalibansa. Masu tarihi suna ƙiyasta cewa masu ikon magana a taron nan maza ne dubu talatin zuwa arba'in, cikin jama'ar da ta kai dubu ɗari biyu da hamsin ko fiye. Mata ba su da baki. Baƙo ko ya tsufa a garin ba shi da baki. Bayi dubbai suna cikin ramukan azurfa na Lauriyon suna mutuwa, kuma da azurfar nan aka ƙera jiragen da suka ceci ƴancin iyayen gijinsu. Isbartawa kuwa sun mai da wata al'umma sukutum bayin gona, kuma tsoron tawayenta ne ya sa suke raba yaro da uwarsa tun yana shekara bakwai su sa shi a horon soja. Haka kuma kotun talakawan Atina ce, ta alƙalai wajen 500, ta yanke wa masanin falsafa Sukurat hukuncin kisa a 399 saboda tambayoyin da yake yi wa matasa. Rinjaye na iya yin zalunci, kuma Girkawa da kansu suka rubuta mana hakan.

To mu fa, wace amsa kakanninmu suka ba waccan tambaya? Nan nake so mu daɗe kaɗan, don amsar tana cikin wannan gunduma tamu. Labarin baka ya ce Gubawa ne suka riga kowa zama, Sarauniya ta fito daga wajen Daura ta sauka a Lugu, Baura ya zauna a Bagaji. Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo, aka haɗa aure da gidan masu ƙasa, aka haifi Akazama, daga gare shi sarautar Arawa ta tsiro. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Baƙin ba su shafe masu gida ba, masu gida kuma ba su karɓi takobi ba. Aka raba aiki: ƴan sarki su riƙe doki da yaƙi da shari'ar yau da kullum, ƴan ƙasa su riƙe ƙasar kanta, da lokacin shuka, da roƙon ruwa, da tsarkake gari in an zub da jini. Sarki yana da ƙarfi, amma akwai ƙofar da in ya je sai ya sauko daga doki. Wannan tsarin mulki ne cikakke, yana da hikimarsa, yana da burkinsa, kuma bai gaza na sarakuna biyun Isbarta cancantar a koyar da shi a aji ba. Wani Bafaranshe mai suna Marc-Henri Piault ya zauna da dattawan Arewa ya fitar da littafi a kansa a 1970. Littafin da faransanci yake, kuma jikokin waɗanda suka ba shi labarin kaɗan ne suka taɓa riƙe shi.

Akwai wani kamanni da ya fi wannan ban mamaki. Girkawa, duk da gardamarsu da lissafinsu, sau da yawa ba su fita yaƙi ko kafa gari sai sun aika Dalfi, wani wuri a gefen dutse inda wata mace take zaune, ana kai mata tambaya tana ba da amsa da sunan abin bautarsu. Garuruwan da ke gaba da juna duk can suke zuwa, har sarakunan waje. Marubucin tarihinsu Hirodotus ya kawo labarin Karosus, sarkin Lidiya, wanda aka gaya wa in ya yaƙi Farisa zai rushe babbar daula, ya fita da murna, ashe tasa daular ake nufi. Mu ma muna da Lugu, inda mace take zaune a keɓe cikin ɗakinta, da dutsen Tunguma wanda mutane kan zo daga nesa a warware musu ƙarar da ta gagara. In Sarauniya ta rasu kuma ba ɗanta ko ƙanenta ke gado ba, tarkama ake yi, a ɗauki gawa ta nuna wadda za ta gaje ta. Na san mafi yawanmu a wannan zaure Musulmi ne, kuma na san akwai wanda zuciyarsa ba ta son a ambaci waɗannan abubuwa. Malam, Allah ya gafarta maka, sanin abu daban, bin sa daban. Girkawan yau Kiristoci ne, ba mai yi wa gunkin Dalfi yanka, amma sun kewaye wurin, suna kai ƴaƴansu su gani. Mutanen Lugu kuma ƴan uwanmu ne, suna raye, suna da haƙƙin a je musu da ladabi. Abin da ɗan tarihi yake nema a wurare irin waɗannan shi ne aikin da suka yi wa jama'a: a ƙasar da ba ta da sarki guda, dole a samu wuri guda da kowa yake jin nauyinsa, inda mai ƙarfi da marar ƙarfi za su tsaya a gaban abin da ya fi su duka. Sai dai a nan Lugu ta ɗara Atina da abu ɗaya. Matar Dalfi baki ce kawai, maza ke tsara abin da ke kewaye da ita, ita kuwa Sarauniya sarauta ce da kanta, gari nata ne.

Mu zo ga yaƙi. Sojan Girka manomi ne da ya sayi kayan yaƙinsa da kuɗinsa: kwalkwalin tagulla, mashi dogo, da garkuwar itace mai faɗi. Sukan jeru sahu-sahu, galibi takwas, kafaɗa da kafaɗa, garkuwar kowa tana kare rabin jikinsa da rabin na wanda ke hagunsa. Wanda ya gudu ya buɗe ɗan uwansa. Daga nan za ku gane inda siyasarsu ta samo ƙarfi, domin mutumin da gari ya dogara da tsayuwarsa a sahu ba ya yarda a hana shi magana a taro. Da wannan sahu Atinawa da ƴan ƙaramin garin Falatiya, su wajen dubu goma, suka karya rundunar Farisa a Maraton a 490. Bayan shekara goma Farisawa suka dawo da abin da ya ninka na farko. A mashigin Tarmofili sarki Liyonidas ya tsaya ya mutu da Isbartawa 300, su ake ta waƙa, ana mance mutanen Tasfiya 700 da suka mutu tare da su, da bayin da ba a ko ƙirga ba. Aka ƙone Atina. Jiragen ruwa ne suka juya lamarin a Salamis, a shekarar da ta biyo kuma aka ƙarasa a Falatiya. Ga abin da littattafan aji ba su cika faɗa ba: garuruwa 31 kacal aka rubuta sunansu a kan ginshiƙin nasara. Sauran ɗaruruwan ko sun yi shiru, ko sun bi Farisa, har da babban gari irin Tebis.

Arewa ma ta san haɗin kai na ɗan lokaci. Bayan jihadin Shehu Usmanu, lokacin da Kabawa suka tayar a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun shiga, ana tuna Samna Ƙarfe na Tibiri tare da Isa Korombe da Dauda Bugaram, har aka kai ga sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867. Amma ranar da ta fi kowace gwada mu ita ce 16 ga Afrilu 1899. Rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin kogi tana ƙone garuruwa, da bindigogi masu jere harsashi da igwa. Mutanen Lugu da Tongana suka tare ta da baka da kibiya mai dafi. Sojojin Nasara suka yi sahu mai kusurwa huɗu suna ɓarin wuta, maharba suka ja cikin kurmi mai ƙaya inda sahu ba ya aiki, aka kashe wa Voulet mutum huɗu, aka raunata shida. An ƙone Lugu, mutane da yawa sun mutu, Sarauniyar lokacin, Mangu, ba ta shiga hannu ba. Rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a mance ba, a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsai da shi, a Dankori, kuma cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi. Kamar a Tarmofili, an rasa filin daga amma sunan ya tsaya. Kamar a Girka kuma, ba dukan garuruwan Arewa ne suka fito ba, wasu sun ga ƙarfin ya fi su sun nemi lafiya. Ban zo in zagi kakan kowa ba. Wanda ya ga hayaƙin garuruwan da aka ƙone yana da mata da yara a bayansa, hukuncinsa ba mai sauƙi ba ne, kuma tarihin da ya ɓoye wannan ɓangare bai cika ba.

Ƙarshen Girkawa kuwa da hannunsu suka jawo shi. Atina ta mai da ƙawancen yaƙi da Farisa hanyar karɓar haraji, Isbarta ta tsorata, suka gwabza daga 431 zuwa 404. A 416 Atinawa masu taron jama'a suka kashe mazan tsibirin Melos suka sayar da mata da yara, don kawai sun ce ba su bayan kowa. Da kowa ya gaji, Filibus na Makidoniya ya sauko ya murƙushe su a 338, ɗansa Iskandar ya ɗauki harshensu ya kai shi Masar da bakin Indiya.

Ta wannan hanya ne, a ƙarshe, iliminsu ya iso zaurukanmu tun kafin a gina lakwal ko ɗaya. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, su Hunainu ɗan Is'haƙa suka juya littattafan masanan Girka, su Jalinus da Buƙurat da Aristo, zuwa Larabci. Manɗiƙin da almajiran ilimi suke karantawa a Sullam na Ahdari tushensa Aristo ne. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halaccin koyon manɗiƙi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubutu a kan falsafa a ƙasar Sakkwato. Saboda haka ɗan lakwal da almajiri, in suka zauna suka bi salsalar abin da suke karantawa, za su haɗu a wani wuri.

Me ya sa muka san adadin dattawan majalisar Isbarta bayan shekara 2,500, amma muna gardama a kan abin da ya faru a Lugu shekarun kakannin kakanninmu? Rubutu. Shi ma Girkawa aro suka yi daga Finikiyawa, suka ƙara masa wasula, suka rubuta harshensu na gida da shi. Hirodotus ba wani abu ya yi ba illa yawo yana tambayar tsofaffi da fatake da masu tsaron wuraren bauta, ya rubuta, in ruwaya biyu ta saɓa ya kawo duka. Har labarin wasu samari biyar na Libiya ya kawo, waɗanda suka keta Sahara suka iske wani kogi mai kadoji yana gudu daga yamma zuwa gabas. Shi ya ɗauka Nilu ne, wasu masana daga baya suka ce mai yiwuwa koginmu ne. Aristo kuma ya sa ɗalibansa suka tattara tsarin mulkin garuruwa 158, manya da ƙanana. Ɗaya tak ya iso mana kusan cikakke, na Atina, wanda aka tsinta cikin yashin Masar aka buga a 1891.

Mu kuwa, abin da takardun hafsoshin Faransa suka ce game da Sarauniya layuka ne kaɗan na raini. Abdullahi Mamani ya ɗaga sunanta da littafinsa na 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986 wanda ya ci babbar kyautar Wagadugu a shekarar da ta biyo. Allah ya saka musu. Amma ƙagaggen labari yana da damar yin ado, kuma jarumar da kuka gani a fim ba lallai ita ce wadda tsofaffin Lugu suke bayarwa ba. Tasu ruwayar tana cikin kawunan mutanen da shekaru suka ja, kuma kowace shekara muna binne wasu.

Ga roƙona gare ku, ƴaƴana, da ku malamansu. In an gama girbi, kowane aji ya ɗauki gari ɗaya. Ku je da goro da sallama, da salular da ke aljihunku. Ku tambayi wa ya haƙa rijiyar farko, gidaje nawa ke da haƙƙin sarauta, wa ke naɗa sarki, wa ke iya ce masa a'a, yadda ake raba gona, yadda ake sulhu bayan kisa, ina mutanen garin suke ranar da Nasara ya zo. Ku tambayi tsofaffin mata a keɓe, don abin da suka riƙe daban ne da na maza. In Bagube ya faɗi wani abu Ba'are ya faɗi wani, kada ku daidaita su, ku rubuta duka biyu da sunan garin da ranar. Ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, da karinmu na Arewa yadda aka faɗa muku. Kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a aika Yamai, inda akwai cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar adana tarihin baka ta CELHTO, waɗanda aikinsu ke nan. Kada ku mance da ƴan uwanmu Arawan Kangiwa a jihar Kabi, waɗanda iyakar Turawa ta raba mu da su, don rabin labarin yana wajensu.

 Yanzu lokacin tambaya da gyara ne, kuma ina roƙon shugaban zama ya fara ba iyayenmu da suka zo daga Bagaji da Lugu dama kafin kowa.